Malam Yari, Mai Na'urar da Ta Wanke Ɗiyata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2007, Allah Ya karɓi ran Malam Yari Soja na Ƙofar 'Yandaka, bayan rashin lafiyar da bai taɓa yarda a kira ta jinya ba. Ni ba mai yawan yabon mutane ba ce, 'ya'yana shaida ne. Amma kai, Malam Yari, in na yi shiru a kanka na ci amana.

Ka bar aikin soja a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Aikinka a can shi ne gano nakiyar da aka binne a ƙasa. Da ka dawo Katsina, abokanka suka sayi babura, kai kuwa ka sayi tsohuwar na'urar gano ƙarfe, mai doguwar sanda da faifai a gindinta. An yi maka dariya. Sai ga shi duk amaryar da zoben aurenta ya sulluɓe wajen wanki, ko ya nutse a rairayin tsakar gida, ƙofarka ake bugawa. Ka taɓa bin buhunan gero a Babbar Kasuwa saboda zoben wata mai awo, da aka miƙo maka tukwici ka ɗauki goro kawai ka wuce.

Nawa labarin ya fi wannan nauyi. Da bazarar 2001 aka yi bikin Zulaihat, ɗiyar maƙwabtanmu. Ango ya ba ta zoben zinariya na mahaifiyarsa marigayiya. Ranar sa lalle ta cire shi ta ba babbar ƙawarta riƙo, wato ɗiyata Hajara. Hajara ta ce a bakin ƙwaryar lalle ta ajiye shi. Bayan biki aka neme shi, babu. Gwaggon ango, Hajiya Tani, ta faɗa a gaban mata cewa wadda aka ba riƙo ita ta san inda ta kai shi. A lokacin an riga an sa wa Hajara ranar aure. Maganar ta isa gidan manemin nata, suka aiko a dakata.

Sau ɗaya na tambaye ta, idona cikin nata, ta ce ba ta ɗauka ba. Na san tarbiyyar da na yi mata. Amma sanin uwa ba ya rufe bakin unguwa.

Ka zo ka bi tsakar gidan bikin, ba ka samu komai ba sai ƙusoshi. Ka tambayi inda aka zubar da ragowar lalle, aka ce juji. Jujin kuwa masu jakuna sun kwashe shi, sun kai taki wata gona a Batagarawa. Da wani ne, da sai ya ce Allah Ya mayar da alheri. Kai sai ka ce a tafi gonar, kuma dole Alhaji Babaji, ƙanen mahaifin ango, ya biyo ka. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari. Kuka yi ta bin tsibin taki cikin zafin rana, na'ura tana kuka a kan gwangwani da murfin kwalba, har Alhaji ya ce, “Yari, rufe shago ka sa na yi don in zo kiwon gwangwani?”

A wani tsibi kukan ya sauya. Sai ka ja da baya, ka mayar da hannuwanka bayanka.

“Alhaji, kai za ka tona. In hannuna ya taɓa, gobe a ce gidan su Hajara suka ba ni na binne.”

Alhaji ya naɗe babbar riga ya durƙusa. Da yatsunsa ya fasa busasshen curin lalle, zobe ya faɗo a tafinsa.

Da labari ya iso ni na yafa mayafi zan nufi gidan Hajiya Tani, ka tare ni a zaure. Ka ce, “Hajiya Ma'u, zobe aka ce in nemo, ba rigima ba. Koma ciki, bari ta zo da ƙafarta.” Ba kowa nake jin maganarsa ba, amma na koma. Ta zo. Sharaɗina ɗaya, ta janye maganarta a gaban matan da ta faɗe ta, ta kuwa janye. Bayan damina aka ɗaura auren Hajara.

Mata, ku ji da kyau. Zobe ƙarfe ne, in ya faɗi ana iya samun mai tono shi. Sunan ɗiyar mutane fa? Wanda yake bin taki a rana don ya wanke ta yau yana kabari. Ku riƙe harshenku.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Sabuwa, da 'ya'yanka, da mutanen Ƙofar 'Yandaka. Ranar sadakar uku na ga Hajara da Hajiya Tani a tabarma ɗaya suna raba waina, kowacce tana share hawaye. Wannan ma aikinka ne.

Allah Ya jiƙanka, Malam Yari, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka rufa wa ɗiyata asiri a duniya, Allah Ya rufa maka naka ranar tsayuwa. Amin.

Hajiya Ma'u Aliyu, Katsina