Gwadabe Mai Fararen Ɓeraye

A layinmu na Tudun Wada, Gwadabe ne kaɗai ke sayen dusa da ƙuli-ƙuli don ɓeraye, mu kuwa muna sayen tarko. Da can kafinta ne. Wani malamin jami'a ya ba shi aikin kejin fararen ɓerayen gwaji, daga nan ya koyi kiwonsu, ya rataye zarto. Ɗaliban kimiyya har zaurensa suke zuwa saye, mu maƙwabta muna ta tsokanarsa da Sarkin Ɓeraye.

Sai dai sana'ar tana cinsa a rai. Lallaɓa su yake yi kamar jarirai, alhali ya san duk wanda ya fita daga zauren, mutuwa za shi. Ko sau ɗaya bai yarda ya leƙa ɗakin gwajin ba.

Bara wata ɗaliba mai suna Bahijja ta zo masa.

"Baba, a kan sammore nake bincike, cutar nan da ƙudan tsando ke sa wa shanu a jini. Tsofaffin magungunanta sun fara gazawa. Akwai wani magani da aka yi don ƙwayar cutar bairos mai kawo ciwon hanta, shi nake so in gwada."

"Maganin hanta a cutar shanu? 'Yata, ai ba layinsa ba ne."

"Shi ya sa za mu tambayi maganin da kansa."

Ɓerayen farko suka mutu. Ta canza awon maganin, na biyu ma suka bi su. Da ta dawo a karo na uku, a gabana ya miƙa mata kejin, fuska a murtuke.

"In waɗannan suka mutu, na koma katako."

Ba barazana yake yi ba. Ranar ya sa allo ya raba maza da mata don kada su ƙara haihuwa.

Bayan wasu makonni Bahijja ta iso da hantsi a Keke mai ƙafa uku, ta ce sai ya bi ta. Ya ja ni don in ba shi ƙwarin gwiwa. A ɗakin gwajin ta nuna mana jinin ɓeran da ba a ba magani ba a madubin likita, ƙwayoyin cuta na ta wutsil-wutsil. A jinin waɗanda suka sha kuwa, babu abin da ke motsi. Gwadabe bai tsaya wurin madubi ba, keji ya nufa. Ga su nan sun yi ɓul-ɓul, suna kokawa a kan abinci. Dattijon nan ya dafa tebur ya yi kuka, ni ma farin ciki ya cika ni.

"Baba, a ɓera ne kawai," in ji Bahijja. "Kafin a kai ga shanu da sauran tafiya, kuma zan buƙaci wasu da yawa."

Muna isa gida, ko takalmi bai cire ba, ya wuce wurin kejin ya zare allon.