Iskar da Ke Cin Robar Tauraro

A iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar da na je aiki, an rubuta direba. Digirina na ilimin sinadarai yana ƙasan akwati a ɗakin da nake kwana a unguwar Ulaisha, kuma kafilina, mutumin da ya ɗauko ni daga gida, bai taɓa tambayar ko na yi makaranta ba.

Aikina shi ne kai 'yarsa jami'a, don lokacin mata ba sa tuƙi a ƙasar. Wata safiya ya biyo mu, tana yi masa bitar jawabin da za ta gabatar kan ƙaramin tauraron ɗan'adam. Ta ce za a lulluɓe shi da siririyar roba, ba za ta lalace ba tunda babu iska a can sararin samaniya.

Muna tsaye a danja a unguwar Malaz. Na ce, "Akwai iska."

Na ci gaba da Turanci. Na ce a nan ƙasa oksijin biyu-biyu yake tafiya, amma a can, inda taurarin ke kewayawa kusa da duniya, hasken rana yana raba shi ɗaiɗai. Ɗayan nan mayunwaci ne. Tauraron yana kutsa shi da mugun gudu, shi kuwa ya kama robar yana gutsura, ta riƙa tashi kamar hayaƙi har ta yi sirara ta yage. Sai an shafe ta da wani abu mai kama da gilashi, kuma ko tsagar allura aka bari, ta nan zai shiga ya ci ta ƙarƙashi.

Kafilin ya ce, "Kai sitiyari na ba ka. Wa ya sa da kai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure za ta kai gaban malamanta."

Ya ce zai buga mini bizar fita ta ƙarshe, in koma ƙasarmu. Na tuna 'ya'yana, amma na ce, "Buga. Iskar dai tana nan."

Kwana uku bai amsa sallamata ba. A na huɗu 'yar ta miƙo littafinta daga kujerar baya, ta ce in zana mata yadda tsagar ke faɗaɗa. Na zana a bakin ƙofar jami'a, masu mota na ta yi mini ham.

Bai kore ni ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Na ƙara shekara biyu a gidan, kuma duk ranar da aka faɗi abin da ba daidai ba a motar nan, sai na gyara.