Inna Asma'u da Kifayen Kubura

Da hantsi, in ba a aiko kiranta ba, Inna Asma'u takan fito daga gidanta a Jega Firchin da ƙwarya da rariya a ka. Mata na hango ta su ja 'ya'yansu cikin zaure. Suna gaishe ta, amma daga nesa, don kowa ya san in ta shiga gida da safe, kafin azahar an fito da makara. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu tun ina saurayi. Gida ɗaya take shiga yanzu ba a yi kuka ba, shi ne nawa, kuma kifi ke kawo ta.

Kifayen na marigayiya matata ne, Kubura, malamar kimiyya. Wani malami da ya bar Aliero ya bar mata su cikin akwatin gilashi. Asalinsu kogunan Amurka ta Kudu, ana ce musu masu cin ƙasa. Aikinsu kenan yini guda: su cika baki da yashi, su tace abin ci, su fesar da sauran ta kafofin gefen kai. Ba sa ƙara, ba sa ƙifta ido.

Da ciwo ya kwantar da Kubura, da kanta ta aika a kira Inna Asma'u. Maƙwabta suka yi ta salati, wai ta kira mai wanka tun da ranta. Wankin yashin kifayen Kubura ta koya mata, don ta san mijin da ta aura: na iya karanta littafi a kan kifi, ban iya sa hannu a ruwa ba.

Bayan an kai Kubura, kifayen suka fara tara yashin wuri guda. Tudu dogo, kwance kudu da arewa, yadda muke kwantar da mamatanmu. Littattafai sun ce guguwar ɗan injin da ke ba ruwan iska ce ke jan yashin. Na yarda. Na baje shi da ludayi, kashegari ya dawo. Magaji, ƙanen marigayiya, ya zo ta'aziyya ya gani.

"Wanga ba alheri na ba, Malam," in ji shi. Ya naɗe hannun riga ya kwashe yashin tas, ya watsar a bayan gida.

Kifayen ba su daina ba. Suka ci gaba da sa baki a gilashin da babu komai, suna tauna abin da ba ya nan. Suka rame. Ɗaya ya kife. Masu zuwa gaisuwa suka rage, ban kuwa yi kewarsu ba.

Ke ce kika zo, Inna, da yashi mai laushi da kika sa aka ɗebo miki daga rafin Giwa Tazo, don na gini kaifi gare shi, yana yanka musu baki. Kika tankaɗe shi da rariya, kika wanke har ruwan ya fito fari. Daga dama kika fara zubawa. Mataccen kifin ma sai da kika rufe shi da ƙyalle kafin ki fitar da shi.

Na ce, "Inna, kifi ne fa."

Kika ce, "To? Tsirara kaka son shi hita?"

Ba ni kaɗai na ga irin wannan ba. Ramatu mai ƙosai ta ga ranar da aka kawo gawar wata mata daga Maiyama lokacin amai da gudawa, 'yan uwan mamaciyar sun tsaya bakin ƙofa sun toshe hanci, Inna ta shiga ita kaɗai. Fadila unguwarzoma ta shaida cewa ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin kowa ba, tabo ne, duka ne, ciki ne. A garin da ake sanin abin da ka ci kafin ka wanke hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ladan da muka ba ta shi ne, in ta kawo tuwo gidan suna, a zuba wa kaji.

Ni ma na gwada ta. Wata rana muna kallon wata macen kifi da ta daina ci, kumatunta a kumbure, tana riƙe da 'ya'yanta a baki kamar yadda irinsu ke yi, na tambaye ta yadda fuskar Kubura take a ƙarshe.

"Malam, miƙo min ƙwaryar ga," ta ce.

Rumbu marar ƙofa. Na gode da ba ki faɗa mini ba.

Yanzu yatsunta sun ƙage, ba ta iya juya gawa, ba ta iya ɗaga ƙwarya cike. Ta ajiye aikin. Na kifi ta ɗora mini shi dole: tana zaune a kujera tana zagina, ni ina cuɗa yashi da hannun da bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Kifayen sun yi ƙiba. Tudun yana nan, na daina baje shi.

Ɗayan aikin kuwa ba na namiji ba ne, kuma har yau babu macen da ta zo koyo. Ran Juma'a na ce mata, "To Inna, ke wa zai yi miki?"

Ta yi dariya. "Shi nike tambaya tun bara. Ko kihin nan naka za ka aiko min?"

Allah ya saka miki, Inna Asma'u, da abin da mu muka kasa. Ku kuwa matan Firchin, masu ilimi da masu zinariya, hannunta ya mutu amma bakinta na koyarwa, kuma ƙofarta a buɗe take kowace yamma. Ta wanke iyayenku mata ba ta ƙyamace su ba. Wata a cikinku ta je tun tana iya nuna mata inda ake farawa.