Ranar da Baba Ya Zare Makullin Motarmu

Mahaifina ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran birki, kuma birki kaɗai. Ka kawo masa motar da injinta ke tari, da haɓa zai nuna maka rumfar maƙwabcinsa. A layin garejin, Taka-Riƙe ake ce masa, don tun safe abin da ke fitowa daga ƙarƙashin mota ke nan: "Taka! Taka! Riƙe!" Ba shi da yawan magana, amma ga taurin kai, wanda ni na kwashe shi kaf.

Mijina kuwa kunyar Baba yake ji har ta yi yawa. Shekara tara da aurenmu bai taɓa kai masa mota ba. Wai ina shi ina tsayawa a kan surukinsa yana kwance cikin baƙin mai.

Ran nan da hantsi aka bugo waya, an kwantar da mahaifiyar mijina a asibiti, jiki ya yi tsanani. Tafiyar awa huɗu ce, rabinta gangara mai kwana-kwana. Muka zuba yaranmu uku a baya, muka biya ta gareji yin sallama. Mijina ya taka birki a bakin rumfa, motar ta tsaya, sannan ta ƙara silalewa kamar taku ɗaya. Ni ko lura ban yi ba. Baba ya ajiye sifanar hannunsa.

Bai gama amsa gaisuwa ba ya zura hannu ta taga ya zare makulli.

"Ke, ce wa maigidanki ya buɗe bonet."

"Baba, sauri muke, jikin Inna ne fa."

Ko kallona bai yi ba. Ya duba robar man birki, cike take. Ya bi tayoyin nan huɗu da rarrafe yana shafa kowane tiyo da yatsa, ko ɗigo babu. Wayar mijina ta sake ƙara, ƙanwarsa ce, ina jin kukanta daga inda nake tsaye. Raina ya fara ɓaci.

"Ai ba ya yoyo, Baba," in ji mijina, kansa a ƙasa.

"Da yana yoyo da hankalina ya fi kwanciya. Shiga ka taka."

Mijina ya taka sau uku, birki ya yi tauri. Har ya yi ajiyar zuciya.

"Riƙe. Kar ka ƙara ƙarfi, kar ka saki."

Na leƙa ta taga ina kallon takalminsa. Da farko yana nan daram. Can sai ya soma sauka a hankali, a hankali, ba ƙara ba komai, har ya dangana da ƙasa. A bayan kujerar, autarmu tana lasar gilashi abinta.

"Da iska ce ta shiga, in ka buga zai tashi ya tsaya," in ji Baba. "Wannan daga ciki yake zubewa. Robar masta, wato famfon birkin, ta saki, man yana komawa baya."

Ya kwance murfin robar man birkin, ya juya shi. Robar ciki ta kumbura kamar burodin da ya sha shayi. Ya dangwali man, ya murza, ya shinshina.

"Wa ya zuba wannan?"

Mijina ya amsa cewa shi ne. Ashe makon jiya ya ga man ya yi ƙasa, kunya ta hana shi zuwa, sai ya juye ragowar man sitiyari da ke cikin but ɗin motar. Shi a ganinsa mai duk mai ne.

"Wannan man roba yake ci," Baba ya ce. "Ya bi ko'ina har tayoyi. Aikin kwana biyu ne."

"Don Allah, Baba, zan bi a hankali. Ga giya, ga birkin hannu. Ina tsoron kada in je in tarar..." in ji mijina.

Ban taɓa ganin Baba ya kalli mijina ido cikin ido ba sai ranar.

"Mahaifiyarka akwai likita a kanta. Waɗannan ukun fa, wa ke kansu a gangara?"

Ya jefa makullinmu cikin aljihun rigar aiki, ya ciro na tsohuwar motarsa, wadda ko aron ta ba ya bayarwa, ya danƙa wa mijina.

Ina cikin kwashe jakunkuna na hango Baba zaune a kan wata taya, yana ta goge hannun da ya riga ya goge. Na matsa kusa.

"Allah ya yi muku albarka da kuka biyo," ya ce.

Na juya na ci gaba da kwashe jakunkuna. Da muka fito daga gida, mijina ne ya ce mu biya ta wajen Baba. Ni na ce babu lokaci, ma kira shi a waya in mun hau hanya. Har sau biyu na faɗa.