Gaisuwar Baban Sevran

Shekara biyu da fara aikina a Lyon na sayi moto, wato abin da 'yan Najeriya ke ce wa babur. Na hannu ne, wani dattijon Bafaranshe ya sayar mini don gwiwarsa ta daina ba shi haɗin kai. A Bron nake zaune, wata unguwa a gefen Lyon, aikina kuwa a ɗakin bincike ne, kwana biyar a sati ina leƙen ruwa a cikin kwalabe ina rubuta abin da na gani. Ranar Asabar kaina ya cika fam, ba abin da nake so illa in ji iska tana bugun ƙirjina.

Asabar ta farko na hau tsaunukan Pilat, kudu da gari. Hanya tana lanƙwasa tana miƙewa cikin itatuwa dogaye, ga sanyi mai daɗi, ga shanu kwance a ciyawa ko makiyayi babu. Na dawo da yamma ina murmushi ni kaɗai. A bakin ƙofa na haɗu da maƙwabcina, mutumin Tawa, mai son jin ƙwaƙwaf.

"Sannu da zuwa. Wurin wa ka tahi?"

"Ba wurin kowa."

"To mi ka kai?"

"Ba komi. Hanya na je gani."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya shige. Ban ga laifinsa ba. A Damagaram inda na tashi, moto abin zuwa wani wuri ne: kasuwa, asibiti, gidan suna, gidan gaisuwa. Wanda ya zuba mai ya fita ba inda za shi, ya dawo ba abin da ya kawo, to a fara yi masa addu'a. Kafin sati ya zagayo labari ya isa kunnen mahaifiyata. Ba ta yi faɗa ba, ita ba ta faɗa, dabara gare ta. Saƙon murya ta aiko: tunda ina da man ƙonawa, ai aminin marigayi mahaifina yana nan Sevran, bayan birnin Paris, shi kaɗai a gida. In riƙa zuwa ina gaishe shi.

Wallahi da na duba taswira sai da na yi dariya. Tsakanin Lyon da Paris, in ka bar babbar hanya ka bi ƙanana, yini guda ne cur na tafiya. Mahaifiyata ta yi niyyar ɗaure ni, sai ga shi ta ba ni hujjar da ba mai iya ja da ita.

Nakan tashi bayan sallar asuba. Sa'a guda ba ta cika ba na shiga tuddan Beaujolais, gonakin inabi jere reras kamar kitso a kan tudu. Daga nan garin Cluny, sai Autun, sai dajin Morvan, wanda shi ne masoyina har gobe. Can hanya siririya ce, itatuwa sun haɗe kai a samanta, ka yi tafiyar rabin sa'a ba ka gamu da kowa ba sai tarakta. Akwai wani tafki da nake tsayawa bakinsa in ci burodi da kifin gwangwani, in yi azahar a kan ciyawa. Masu moto in sun gamu sukan gaisa, amma da hannun hagu, don dama tana kan totur. In ka ba wani hanya ya wuce, ƙafa zai miƙo maka, godiya ke nan. Ran da aka fara miƙo mini ƙafa na bi mutumin da harara har ya ɓace. Yau ni ma miƙawa nake, ina roƙon Allah kada wani ɗan garinmu ya gani.

Aminin mahaifin nawa kuwa, Baba nake kiransa, yana hawa na shida a wani dogon gini. Tela ne a da, ya yi shekaru yana ɗinki a unguwar Belleville ta Paris kafin idonsa ya raunana. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna aiki nesa, sukan kira a waya. Nakan iso wajen la'asar, ƙura da ƙwari duk a jikin rigata, hular kwano a hannu. Mu gaisa gaisuwa irin ta gida, wadda ba a gaggawa: ina gajiya, ina aiki, ina labarin gida, ina mutanen Lyon. Ya dafa shayi. Sai ya ce in ba shi labarin hanya, ni kuma abin nema ya samu, in yi ta zuba har magariba. In kwana a doguwar kujerarsa, da safe in kama hanyar komawa, wani lokaci ta bakin kogin Yonne don canjin ido.

Kafin damina ta ƙare, in dai za a kira tasu damina, sunana ya zagaya. Maƙwabcin nan nawa da ya nema mini sauƙi wurin Allah, shi ne ya koma ba da misali da ni a masallaci: yaron kirki, mai zumunci, ya tafi Paris a kan moto don gaida tsoho. Saƙo ya fara zuwa. Wannan ta kawo yaji a kai wa 'yarta, wancan kilishi a kai wa ƙaninsa. Akwatin motona ya koma warin daddawa. Na karɓi yabon ban musa ba, har da sunkuyar da kai irin na masu kunya.

Yabon mutanen Lyon bai dame ni ba. Na Baba ne ke ƙona ni. Duk sanda zan tafi sai ya raka ni har bakin lif, ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ce irina sun yi ƙaranci, Allah ya ba ni masu yi mini. Ni kuwa na san abin da ke cikina. Ran Alhamis ba Baba nake tunawa ba, hasashen yanayi nake dubawa. In an ce rana, zumunci ya motsa. In an ce ruwa, sai in kira in ce aiki ya yi yawa. Ina son tsohon, ba ƙarya, amma da a ce gidansa yana bayan gidana, ban san sau nawa zan taka ba. Ban so ya gane haka, don na ga yadda yake shirya wa zuwana: ya sayo nama, ya share ɗaki, ya sa riga mai guga.

Zuwana na ƙarshe a kan moto a shekarar, farkon Nuwamba ne. Ganye ya zube, hanyar Morvan ta yi santsi, yatsuna sun ƙage har na kasa cire safar hannu. Baba ya zuba mini shayi, ya dube ni ina kakkarwa.

"Sanyi ya shigo," ya ce. "Sai bazara ke nan."

"Haba Baba, wace bazara? Ina nan zuwa."

Ya yi 'yar dariya. "Ɗana, ni tela ne, aikina lura. Zuwanka bakwai yau, ba ka taɓa zuwa ran da ake ruwa ba."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"To, ba laifi na ce ka yi ba. Hanyar kake so, na sani tun zuwa na biyu. Mutum in yana ba da labarin abin da yake so, fuskarsa takan nuna. Ni na gode wa hanyar, tunda ita ke kawo mini kai. Ka ajiye motonka kada ƙanƙara ta kashe ka, uwarka ta ce ni ne."

Ba faɗa a muryarsa, ba gori. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, na sha shayin nan ban ji ɗanɗanonsa ba. Washegari na bi babbar hanya na koma, ko kallon gefe ban yi ba.

Na rufe moto da tampol a ƙarƙashin gininmu. Sati uku ina jin haushi, kuma abin dariya, Baba nake jin haushi, don ya faɗi gaskiya. Ran wata Juma'a cikin Disamba na duba yanayi bisa sabo: ruwa da iska kwana uku. Na sayi tikitin jirgin ƙasa. Sa'a biyu kacal, tafiyar da nake yi yini guda. Na zauna kusa da taga, tuddai suna wucewa fuu ba ka ce ka ga komi ba, wani kusa da ni yana ta minshari. Tafiya mafi rashin daɗi da na taɓa yi ke nan. Daga tasha na shiga jirgin Sevran, na ƙarasa a ƙafa, ruwa ya jiƙa ni jagab.

Baba ya buɗe ƙofa cikin tsohuwar rigar sanyi, ɗakin ba a share ba, kwanon jiya na kan tebur. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuna.

"Ina moton?"

"Yana Bron, Baba."

"Ya lalace?"

"Lafiyarsa lau."

Ya tsaya riƙe da ƙofa, bai ce in shigo ba. Sai ya juya ya shige kicin. Na ji ya buɗe famfo, ruwa ya yi ta zuba, ya daɗe fiye da yadda cika buta ke buƙata. Da ya fito yana share ido da hannun riga, ya ce hayaƙin gas ɗin nan ya dame shi, alhali ko kunnawa bai yi ba.

"To yau ba ka da labarin hanya ke nan," ya ce.

"Babu, Baba. Ban ga komi ba."

"Madalla. Zauna ka ji nawa."

Ranar na ji yadda suka yi yarinta da mahaifina, da abin da ya raba su shekara huɗu ba sa magana, da wanda ya fara zuwa ba da haƙuri. Mahaifina ne, mutumin da ban taɓa jin ya ce yi haƙuri ba. Zuwana bakwai gidan nan ina surutu a kan itatuwa da tafki, ban taɓa tambayarsa komi ba. Shayi ya huce a gabanmu, ya tashi ya sake ɗora wani.