Ka Bar Motata Rabi a Wanke

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mai Tururi, mai wankin manyan motoci, a bakin aikinsa. A gabana aka yi, kuma har yau abin ya ƙi zama a kaina.

Mai Tururi, motata kake wankewa. Na dawo daga jigilar man girki, durom ɗaya ya fashe a hanya, maiko ya bi jikinta har tayoyi. Ka zagaya ta kana dariya, ka ce, "Sarkin ƙazanta, yau kuma miya ka dafa a ciki?" Ka kunna injin ruwan zafi, ka gama gefen dama tas. Sai na ga ka dafe ƙirji. Ba ka yar da bindigar ruwan ba. Ka fara kashe wutar injin, ka bar ruwa yana bi ta cikinsa har ya huce, kamar yadda ka saba, sannan ka kashe shi, ka zauna a kan bokiti, ka ce bari ka ɗan huta. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Mutumin da yanzun nan yake zolayata.

A wajenka na san ba duk datti ne ɗaya ba. Kakan ce injin sanyi ƙarfi kawai gare shi, famfo ne ke matse ruwa ya fito ta 'yar ƙaramar kafa, ya fatattaki laka da ƙasa. Maiko kuwa ba ya jin ƙarfi, sai dai ya gudu gefe ya sake zama. Shi ya sa na zafin yake da murhu a ciki, ruwa ya bi ta naɗaɗɗen bututu a kan wuta, ya fito yana tururi. "Tambayi matarka," in ji ka, "ko tana wanke kwanon mai da ruwan sanyi." Ranar da na miƙa ƙafa a fesa mini, faɗan da ka yi mini ko ubana bai taɓa yi ba. Ka ce ruwan nan fata yake tsagawa.

Motar asibiti in ta dawo daga wurin hatsari, wajenka ake kawo ta, ka wanke jinin da kanka, ba ka taɓa karɓar komai ba. Da ambaliya ta shiga unguwarmu, gida-gida ka bi kana jan inji da tiyo.

Abin da ya dame ni bayan ka tafi, ƙaninka ne. Shi ke riƙe da injin sanyi, na zafin kuwa tun ranar ya lulluɓe shi da buhu, ko kallonsa ba ya yi. Manyan motoci suka fara komawa wani wuri, kuma da wurin nan iyalinka suke ci. Ni ma na kasa kai tawa ko'ina. Haka nake yawo da ita, rabi fes, rabi maiko.

Jiya na kai masa. Ya daɗe yana kallon inda ruwanka ya tsaya, ya ce, "Yaya, hannuna ba zai iya ba." Na ce to ni ba mai taɓa ta sai ɗan gidan nan. Ya yaye buhun. Ya kunna injin, tururi ya tashi, muka tsaya mu biyu, manya da mu, muna kuka. Ya gama gefen hagu.

Allah Ya jiƙan ka, Mai Tururi, Ya wanke maka kurakuranka, Ya sa kabarinka ya yi sanyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da dukan 'yan uwa. Ƙaninka kuma, Allah Ya ƙarfafa hannunsa, don gida yanzu a kansa yake. Amin.