Barka da Surukarka

Yayana Wiebe gyaran keke yake yi a garinmu Leeuwarden, a ɗakin baya na wani shago. Mai shagon ne ya ajiye shi can, wai masu zuwa saye suna ƙorafin ba ya murmushi. In ka tambaye ni, mai keke birki ya zo nema ba haƙora ba, amma ba wanda ya tambaye ni.

Tun muna yara hayaniya ke soka masa kunne, ba ya kuma iya kallon mutum ido cikin ido. Sai da ya girma likitoci suka sa wa abin suna, suka ce otizim ne. Ga shi kuma maza yake so, ba mata ba. A danginmu ba a zaginsa a kan ko ɗaya daga ciki. Shiru ake yi, shirun da ya fi zagi ciwo.

Likitan tunani na farko da ya gani ya koya masa kallon tsakiyar goshin mutane don su zaci idonsu yake kallo. Ya kuma tambaye shi ko son mazan nan ba ruɗanin lalurarsa ba ne. Wiebe ya koyi kallon goshi tsaf. Kullum yakan dawo gida a gajiye liƙis, ya kwanta da takalmansa.

Joris, wanda suke zaune tare da Wiebe tun kafin in yi aure, shi ya samo masa wata likitar tunanin, Marloes. Ita ma maganinta hira ce, amma kujerunta gefe da gefe suke, suna fuskantar taga. Tana rage hasken fitila in zai shigo, tana barinsa ya yi ta juya guntun sarƙar keke a hannu. Ba ta taɓa cewa ya gyara komai ba. Wata rana ta ce, "Kai me kake so, Wiebe? Ba abin da ake so ka so ba."

Ya juya sarƙar, ya ce, "So nake a ce wa Joris barka da surukarka, a gaban Mama."

Ranar bikin zagayowar haihuwar mutum a wurinmu, kujeru ake jerawa a zagaye. Duk wanda ya shigo sai ya bi kowa da hannu: barka da mahaifiyarki, barka da ƙanwarka, har maƙwabci ana yi masa barka da maƙwabciyarsa. Joris kuwa duk shekara a bikin Mama sannu kawai yake samu, kamar direban da ya kawo baƙo.

Marloes ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta ce, "Bakinsu ba a hannunmu yake ba. Naka za mu shirya." Suka yi ta maimaita abin da zai faɗa, da yadda zai tashi ya fita in surutu ya yi yawa ba tare da ya ba kowa haƙuri ba.

Ranar da Mama ta cika saba'in da biyar, falo ya cika. Kofi, kek, yankakken cuku da tsiren alade a faranti. Wiebe ya miƙe, idonsa a kan kafet, hannunsa a aljihu inda sarƙar take.

"Wannan Joris ne. Ba abokina ba ne kawai. Shi ne mutumina, da shi zan tsufa."

Mama ta gyara zaman tabarau. "Ai kowa ya san Joris, ɗana. Wa zai ƙara kofi?"

A daidai nan Kawu Sipke, ƙanin Mama, ya shigo a makare kamar kullum. Ya fara zagaye daga kaina. "Aukje, barka da mahaifiyarki, kin ƙara ƙiba. Wiebe, injiniyan tayoyi, barka da mahaifiyarka." Ya iso kan Joris, ya riƙe hannunsa, bakinsa ya buɗe. Na ga ya saci kallon Mama.

"Sannu da tuƙi, saurayi. Akwai cunkoso a hanya?"

Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya na ce, "Joris, barka da surukarka."

"Aukje," in ji Mama, "je ki duba ko madarar ta ƙare."

Wiebe ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita, Joris ya bi shi. Bai ba kowa haƙuri ba. Wannan kaɗai na riƙe na yi alfahari da shi a ranar, sauran duk baƙin ciki ne.

Ya koma wurin Marloes. Ya ce mini ba ta ce laifinsa ne ba, ba ta kuma ce Mama za ta sauko ba. Ta dai tambaye shi ko yana so ya sake gwadawa baɗi. Ya ce zai gwada, har sun fara shiri.

Mama ba ta kai baɗi ba. Bugun zuciya ne, farat ɗaya, tana shanyar kaya.

Bayan jana'iza muka tsaya a jere a zauren coci, mutane suna bi suna ba da hannu. Wiebe ya jawo Joris ya tsayar da shi a gefensa, ba wanda ya hana. Kawu Sipke ya zo, ya tsufa a mako guda. Ya yi mini ta'aziyyar mahaifiyata, ya yi wa Wiebe. Ya kama hannun Joris da hannu biyu.

"Ina maka ta'aziyyar surukarka."

Na bayansa suka ji, suka bi sahu. Inna Tjitske, 'yar'uwar Mama, ta faɗa, maƙwabta suka faɗa, har wanda ban san shi ba ya faɗa. Sai ka ce dama kalmar tana bakinsu, izini suke jira.

A mota Joris yana tuƙi, Wiebe yana juya sarƙarsa. Don in sanyaya masa rai na ce, "Yaya, ka ji dai sun faɗa."

Bai juyo ba.

"Na ji," ya ce. "Mama ce ba ta ji ba."